Matan Adar da duwatsun Keita

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza zuwa Keita zai ga jerin duwatsu a kan fako da gefen tsaunuka, da ramuka da aka haƙa layi-layi domin tare ruwan sama. Akasarin hannuwan da suka yi wannan aiki na mata ne. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin yaƙi da hamada, amma a cikinsa akwai wani tarihin da ba a cika taɓowa ba, wato irin kallon da mace take yi wa 'yar'uwarta idan ta gan ta da dutse a ka.

Tushen wannan kallo ya girmi aikin nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 ƙasar Adar tana tsakanin ikon Abzinawa, Kel Geres da Iwillimmedan, da tasirin daular Sakkwato daga kudu. Al'umma ta kasu tsakanin 'ya'ya da bayi, kuma aikin ƙarfi a rana, kamar daka da ɗebo ruwa da itace da noman gonar ubangida, ya fi faɗawa kan baiwa. Da Faransawa suka haramta cinikin bayi a yankunansu na Afirka ta Yamma a 1905, suka kawo nasu aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Saboda haka mutanen yankin suka daɗe suna ganin cewa wanda yake fasa dutse don wani, ba shi da ikon kansa.

Masu binciken tarihin ƙasar Hausa, irin su Barbara Cooper a aikinta kan aure a Maraɗi, sun nuna cewa bayan gushewar bauta mata da yawa sun rungumi zaman gida da lulluɓi domin su nuna cewa su 'ya'ya ne. Kulle ya zama shaidar addini, ya kuma zama shaidar asali da wadatar miji. Daga nan ne ma'aunin ya samu gindin zama, kuma sau da yawa mata ne suke riƙe da shi a tsakaninsu: a gidan biki, a bakin rijiya, a wajen zaɓar wa ɗa matar aure. Wadda take fita neman abinci ana iya cewa mijinta ya gaza, ko a tono asalin kakarta. Bazawara kuwa, ko ba ta yi komai ba, bakin mutane yana kanta.

Farin 1973 da na 1984 suka girgiza wannan tsari. Maza suka watsu ci-rani zuwa Najeriya, Kodibuwa da Libiya, aka bar garuruwa da mata da yara da tsofaffi. A 1984, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar FAO, kuma hukumar abinci ta duniya PAM tana biyan ma'aikata da hatsi da man girki a madadin kuɗi. Namijin da yake iya samo tsabar kuɗi a Kano ko Abijan bai ga dalilin tsayawa don mudun dawa ba. Mata suka cika filin. Su ne suka kwaso duwatsu, suka haƙa ramukan dashe a jikin tsauni, suka raini irin itatuwa a gandun reno. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak, an dasa miliyoyin itatuwa, an farfaɗo da dubban hekta na ƙasar da ta mutu.

Yunwa ba ta tambayar asali. Matar da a da take tura wata ɗebo mata ruwa ta samu kanta a layi ɗaya da ita, suna jiran a kira suna a auna masu rabo. Wannan cuɗanya ta rage kaifin wasu maganganu, domin da wuya mace ta goranta wa maƙwabciyarta abin da ita ma take ci da 'ya'yanta daga gare shi. Abincin da uwa ta kawo gida da guminta ya ba ta baki a harkar gidan, musamman inda maigida ya shekara biyu ko uku babu aike. Ƙungiyoyin mata na adashi da lambu suka ƙaru, kuma tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har cikin jihar Tawa.

Sai dai bai kamata a ƙawata labarin fiye da yadda yake ba. Benedetta Rossi, wadda ta yi shekaru tana bincike a Adar ta kuma wallafa littafinta a 2015, ta nuna cewa waɗanda suka fi daɗewa a filin aikin su ne matalauta, da yawansu daga zuriyar bayi, kuma lada na abinci bai fitar da su daga talauci ba. Wadda Allah ya hore wa mijinta takan koma ɗaki da zarar damina ta yi kyau. A can waje kuma, rahotanni da hotunan baƙi suka mai da su duka mace ɗaya: jaruma mai dutse a ka, marar suna, marar tarihi. Irin wannan kuɗin goro ya taɓa samun matan ɗariƙar Mormon a Amurka, waɗanda jaridun ƙarni na 19 suka riƙa zanawa a matsayin bayin auren mata da yawa, alhali matan yankinsu na Utah sun samu 'yancin jefa ƙuri'a tun 1870, shekara 50 kafin ya game ƙasar.

Mafi nauyin ƙyama ya rage a kan wahaya, yarinyar da ake saye a ajiye a gida bayan mata huɗu na sunna, ba sadaki ba ɗaurin aure, al'adar da aka fi sani tsakanin Ƙonni, Madawa da Illela. Matan gidan ne takan yi wa hidima, kuma zoben ƙarfen da akan sa wa wasunsu a ƙafa ya isa ya sanar da kowace mace matsayinta. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ta matsa har Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun, a zamanta na Yamai, ta yanke cewa hukumomi sun kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.