Jarin da Hukuma Ba Ta Iya Ƙwacewa: 'Yan Kuba da Kasuwancinsu a Miyami

Tun ina yaro nake jin dattawa suna cewa mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa. Ban taɓa ɗaukar maganar a matsayin batun tattalin arziki ba sai da na karanta tarihin 'yan Kuba da suka yi hijira zuwa birnin Miyami na jihar Fulorida a Amurka. Su wani reshe ne na al'ummar da ake kira Latino, wato mazauna Amurka waɗanda tushensu ke ƙasashen Latin Amurka. Tambayar da ta dame ni ita ce: yaya mutanen da suka sauka hannu rabbana suka mallaki shaguna da masana'antu da bankuna cikin shekara ashirin?

A watan Janairun 1959 Fidel Kastro ya karɓi mulkin Kuba. A watan Oktoban 1960 gwamnatinsa ta ƙwace manyan kamfanoni, har da na Bacardi, sannan a 1968 ta haɗa da ƙananan sana'o'i fiye da 50,000. Masu dukiya da ma'aikatan banki da lauyoyi su ne suka fara ficewa, kuma dokar fita ba ta barin mutum ya ɗauki wani abin kirki. Da suka isa Miyami, wanda ya saba ba da umarni a ofis ya koma wankin kwanuka a otal ko tuƙin tasi. Matansu kuwa suka cika masana'antun ɗinki na garin Hayaliya, albashinsu ne ya riƙe gidaje da yawa kafin mazan su tsaya da ƙafafunsu.

Bankunan Amurka ba sa ba da rance sai da jingina, ɗan gudun hijira kuwa ba shi da gida balle gona. Mafita ta fito ne daga wasu ƙananan bankuna da suka ɗauki tsofaffin ma'aikatan bankin Habana aiki. Waɗannan jami'ai sun san masu neman rancen tun a gida; sun san wanda ke cika alkawari da wanda ke saɓawa. Sai suka riƙa ba da bashin dala 10,000 zuwa 30,000 ba tare da jingina ba, bisa sanin halin mutum kawai. Bankin Republic National ya yi fice a wannan, kuma sunan Luis Botifoll, lauya kuma tsohon editan jarida a Habana wanda daga baya ya shugabanci bankin, yana tafiya tare da labarin.

Masanin zamantakewa Alejandro Portes, wanda shi ma haifaffen Habana ne, ya bayyana dalilin da ya sa kusan kowa ya biya. Tsoron kotu bai kai tsoron kunya ba. Wanda ya ci amana, labarinsa zai karaɗe unguwa, dillalai su daina ba shi kaya, masu saye su juya masa baya, kuma ba shi da wata al'umma da zai koma, tun da bai iya Turanci sosai ba. A nan ne na ga kamannin da ke tsakaninsu da Hausawan Sabo na Ibadan, waɗanda Abner Cohen ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1969: fataucin goro da shanu ya dogara ga bashi, bashin kuma ya dogara ga maigida da ya tsaya wa baƙonsa da sunansa.

Da wannan jari aka raya titi na takwas, wanda suke kira Calle Ocho, a unguwar da ta zama Ƙaramar Habana. A 1971 Felipe Valls ya buɗe gidan abinci na Versailles a kan titin, wurin da ya zama majalisar 'yan hijira. Jorge Mas Canosa, wanda ya taɓa rabon madara gida-gida, ya mallaki kamfanin shimfiɗa wayoyin tarho da ya rikiɗe ya zama MasTec a 1994. Mai shago yana ɗaukar ɗan ƙasarsa aiki, yaron ya koyi sana'a, ya buɗe nasa, duk cikin harshen Sifaniyanci.

Sai dai adalci ya wajabta mini in faɗi sauran labarin. Ba amana kaɗai ta ɗaga su ba. Saboda Yaƙin Cacar Baka, gwamnatin Amurka ta kafa musu shirin tallafi a 1961, ta kuma yi dokar 1966 da ta sauƙaƙa musu samun takardar zama, gatan da 'yan Meziko da 'yan Haiti ba su samu ba. Ita ma amanar tana da iyaka. Wajen 1973 aka dakatar da rancen, domin sababbin zuwa ba sanannu ba ne ga jami'an bankin. Da mutum kusan 125,000 suka ƙetaro daga tashar ruwa ta Mariel a 1980, akasarinsu talakawa, da yawansu baƙaƙen fata, sun tarar da ƙofar a rufe. Da yawansu sun zama ma'aikata a shagunan waɗanda suka riga su zuwa.

Abin da na fahimta shi ne, Kastro ya ƙwace gine-gine da injuna, amma sunan da mutum ya yi a kasuwa ya ƙetare teku tare da shi. Sunan nan kuwa a Habana aka gina shi, a zamanin da ba kowane ɗan Kuba ke iya shiga banki ba. Wanda aka sani a da shi aka ranta wa a Miyami, kuma wanda talauci ya ɓoye a gida, ya sake ɓoye shi a baƙunta.