Masu Faci da Dabarar Rage Iskar Taya

Facin taya sana'a ce da ta shigo Arewa tare da keke da mota. A Unguwar Shanu da maƙwabtanta, irin su Abakwa da Unguwar Sarki, duk a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ana gane mazaunin mai faci tun daga nesa: tsofaffin tayoyi a jibge bakin titi, injin buga iska, da rabin duro cike da ruwan da ya yi baƙi. Aikinsa kashi biyu ne, liƙe huda da auna iska. An fi saninsa da na farko, amma na biyun ya fi neman ilimi, musamman ga motar da za ta sauka daga kwalta ta shiga yashi ko laka.

Asalin sana'ar na komawa ga Charles Goodyear, Ba'amurken da ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844, wadda ta sa roba ta daina narkewa da zafi. A 1888 John Boyd Dunlop ya yi rajistar taya mai iska da ya haɗa wa keken ɗansa a Belfast, a 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara a mayar. Nan ne mai faci ya sami abin yi. A ƙasar Hausa jirgin ƙasa ya riga mota kafuwa: dogo ya isa Kano a 1911, Kaduna kuma ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Motocin dakon da suka biyo baya aikinsu kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tashoshin jirgi, a kan hanyoyin burji masu gargada da rani, masu taɓo da damina. Kowace taya a lokacin da tiyub a cikinta, kuma ƙaya da ƙusa ba sa ɗaga mata ƙafa.

Facin wancan zamani aikin haƙuri ne. Mai faci zai ɓanɓare taya daga rim da ƙarafuna biyu da guduma, ya zaro tiyub, ya ɗan buga masa iska, ya riƙa tsoma shi a ruwa gaɓa-gaɓa har ya ga inda kumfa ke tasowa. Sai ya soka tsinken ashana a hudar don kada ta ɓace masa, ya kankare wajen, ya shafa sholisho, ya ɗora ɗanyar roba. Daga nan ya matse da tsohon fistin na mota, ya zuba kananzir a cikin fistin ɗin ya kunna wuta, zafin ya dafa robar ta haɗe da tiyub. Aikin Goodyear ke nan a gindin bishiya. Har yanzu akwai masu yi wa tayoyin babur da na manyan motoci haka.

Ita kuwa dabarar rage iska, hamada ce ta koyar da ita. Motocin Citroën da suka keta Sahara daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Timbuktu tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923 ba su amince wa taya ba. Bel ɗin roba mai zagayawa aka sa musu a baya. Cikin 'yan shekarun da suka biyo, wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, da abokansa suka riƙa ratsa hamadar Masar da Libiya da motocin Ford na yau da kullum, suna rage iskar tayoyi idan sun zo rairayi mai laushi, suna shimfiɗa faifan ƙarfe in mota ta kafe. Da wannan sani ya kafa rundunar sintirin hamada ta Ingila a 1940. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Taya mai tauri ƙaramin waje take takawa, sai ta huda yashi ta nutse, tana tura tudu a gabanta. In aka rage mata iska, sawunta yakan ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, ta bi saman yashi kamar tafin raƙumi. Sojan Amurka sun ga amfanin abin har suka sa wa motarsu DUKW, wadda aka fara ƙerawa a 1942, na'urar da direba zai rage ko ƙara iska yana zaune a kujerarsa.

Sai dai dabarar na da iyaka, kuma iyakar tana leɓen taya, wato gefen nan mai waya a ciki da ke zama a bakin rim. Babu noti ko gam da ke riƙe shi. Iskar da ke ciki ce kaɗai ke danne shi da ƙarfe. A zamanin tiyub, in iska ta yi ƙasa sosai, taya kan sulluɓe a kan rim ta ja tiyub, bawul ya tsinke daga gindi, facin da babu mai son ya yi a daji. Tayar da ba ta da tiyub, wadda kamfanin BF Goodrich ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, ta kawar da wannan ta kawo wata matsalar: da zarar leɓe ya zame, iska ta fice gaba ɗaya nan take. Masu ƙera rim sun yi masa ɗan tudu a ciki don ya tokare leɓen, sojoji da masu tseren daji kuma suka koma ga rim mai zobe, wanda ake ɗaure leɓen taya a jikinsa da notuna. Irin wannan rim yana da tsada, kuma ba kayan kasuwar Arewa ba ne. Direbobinmu da rim na gama-gari suke shiga daji, saboda haka lissafi da hannu mai sanyi ne ke tsare musu taya.

A Kaduna, sana'ar faci ta bunƙasa bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975. Ƙirar 504, da ta fasinja da akori-kura, ta zama motar tasha da ta kasuwannin ƙauye, tana tashi daga Kawo da Mando zuwa yankunan Igabi da Giwa da Birnin Gwari. Tayoyin ma a lokacin na gida ne, Dunlop na yi a Ikeja, Michelin a Fatakwal. Motar da ke ɗauke da buhunan masara da fasinja a kan kaya, iska mai yawa take buƙata, kuma a kan wannan mai facin birni ya saba hannunsa: a cika ta yi tauri. Da yawa ba sa ɗora geji. Bugun taya da ƙarfe suke yi su saurari ƙara. Al'adar ta zauna har ta kai ƙaramar motar da kamfani ya rubuta mata awon iska psi 32 a jikin ƙofa sai a narka mata fiye da 40, abin da ke cinye tsakiyar taya ya kuma rage mata kamun ƙasa.

Direbobin da suka fi kowa sanin ɗaya ɓangaren su ne na hanyar Agadas zuwa Dirku da Libiya, masu Hilux da Land Cruiser da tsofaffin manyan Marsandi. A wurinsu rage iska wajibi ne kafin shiga rairayin Tenere, kuma famfo ko ƙaramin injin iska na cikin kayan tafiya kamar ruwa da mai. Awon da aka saba da shi ga mota irin Hilux a fili yake. A kan kwalta tana tafiya da psi 30 zuwa 35, ko fiye in da kaya. A hanyar burji mai tsakuwa akan sauko wajen 25 don rage jijjiga. A yashi mai laushi 15 zuwa 18 ya wadatar. Ƙasa da 12 a kan rim marar zobe sai don fitar da motar da ta riga ta kafe, a miƙe, a hankali, sannan a mayar da iska. Yaron mota ne ke bi taya-taya yana danna ƙwayar bawul da tsinke ko ƙusa, direba na duban yadda cikin tayar ke buɗewa.

Sharuɗɗan da ke tare da wannan sun fi lambobin muhimmanci. Ba a karya kwana da ƙarfi, domin a kwana ne nauyi ke tura leɓe ya zame. Ba a gudu, saboda taya mai ƙarancin iska gefenta na lanƙwasawa a kowane juyi, ta ɗauki zafi har ta fashe. Kaya kuma na rage damar: tifar da ta sauka bakin kogin Kaduna ɗibar yashi ba ta da sararin da akori-kura marar kaya ke da shi, don nauyin da za ta fito da shi iska ce za ta ɗauka. A laka ma ba kullum dabarar ke ci ba. Inda taɓo ba shi da zurfi kuma ƙasa mai ƙarfi na ƙarƙashinsa, taya mai ɗan tauri ta fi saurin kaiwa gare ta. In leɓe ya zame a daji, akan ɗaga mota da jak, a share yashin da ya shiga bakin rim, a ɗaure tsakiyar taya da igiya a matse, sannan a buga iska. Masu zuba fetur a ciki su ƙyasta ashana suna samun biyan buƙata, amma ganganci ne da ke ƙona fuska da hannu.

Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a 2008, kasuwa ta koma hannun tayoyin waje da na Beljiyam da aka riga aka mora. Wannan ya ƙara matse iyakar dabarar, domin tsohuwar roba mai tsattsagewa a gefe ba ta jure lanƙwasa. Shi ya sa mai facin da ya san aikinsa, kafin ya rage wa direban ƙauye iska, yakan duba lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekarar.