Kafin Alƙalami da Ranar Jere: Nazarin Dabarun Kasuwancin Kafintocin Kayan Ɗaki a Kano

Tsakure

Maƙalar ta dubi sana'ar kafintocin kayan ɗaki a Kano ta fuskar farashi da neman kasuwa. Ta kafa hujjar cewa ribar kafinta tana zurarewa ne tsakanin ranar da ya karɓi kafin alƙalami da ranar da ya sayi kayan aiki, kuma cika alkawarin ranar jere ne ya fi kawo masa ciniki.

1.0 Gabatarwa

A al'adar Hausawa iyayen amarya ne suke yin kayan ɗaki: gado, wadrob, madubi, kujeru, yanzu har da durowoyin kicin. Saboda haka kasuwar kafinta tana bin kalandar biki. Aiki yakan taru da kaka da kuma gab da azumi, sannan ya ja baya. Auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023 ya nuna girman buƙatar, sai dai irin wannan kwangila ba kowane shago take isa ba.

2.0 Inda Riba take Zurarewa

Kafintan da yake sari a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo ba shi da iko da farashi. Yawancin katako daga kudu ake ɗauko shi, kuɗin mota na cikin kowane falanki. Allon MDF da maƙalai da hannayen durowa kuwa akasari shigo da su ake yi, suna tafiya da dala. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana dalar gwamnati ga kaya iri 41, ciki har da kayan ɗaki da fale-falen katako, bai janye ba sai Oktoban 2023. A 2023 ɗin ne kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni.

Matsalar ita ce ana yanke kuɗi yau, a karɓi rabi, a sa ranar kai kaya bayan wata biyu ko uku. Kafintoci da yawa kan zuba wannan kuɗi wajen ƙarasa aikin wani da ya riga ya makara. Ranar da kafinta ya koma kasuwa farashi ya tashi, sai ya zaɓi ɗaya: ya yi asara, ya rage ingancin katako, ko ya fara ɓuya. A nan mutuncin sana'ar yake zubewa, abin kuma da ciwo, domin hannun da ya yi aikin gwani ne.

Fiƙihu ya san wannan ciniki da sunan istisna'i, wato sayen abin da za a ƙera. Malikawa sun ɗora shi a kan sharuɗɗan salam, inda ake biya tun farko, amma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta biya kashi-kashi muddin an fayyace siffar kaya da wa'adi. Wannan fayyacewa ita ce kafinta yake buƙata: takarda mai ɗauke da irin katako, awo, launin fenti da rana. Ya kamata kafin alƙalami ya kai kuɗin kayan aiki gaba ɗaya, a saye su a makon da aka karɓa, ragowar ta zama ladan hannu da kuɗin yaran shago da man janareta.

3.0 Neman Kasuwa

Hotunan WhatsApp da Instagram suna jawo tambaya, amma ciniki a ɗakin amarya yake ƙulluwa. Ranar jere mata ne suke buɗe wadrob, su ja durowa, su tambayi wanda ya yi, kuma cikinsu akwai masu 'ya'ya a gabansu. Kayan da suka iso bayan an kai amarya, komai kyansu, sun rasa waɗannan idanu. Don haka shagon da yake iya kammala saiti huɗu kafin azumi bai kamata ya karɓi shida ba. Sauran biyun ya miƙa su ga abokin sana'a da ya yarda da aikinsa, ko ya roƙi a ba shi su tun a watannin da kasuwa take kwance, ya yi ragi a kan hakan.