Gida Naka, Ƙasa Ta Wani

A Ingila mutum zai iya sayen gida da kuɗinsa, ya riƙe makulli, amma ƙasar da gidan ke kai ba tasa ba ce. Abin da ya saya shi ne damar zama ta wasu shekaru, sau da yawa 99 ko 125. Ranar da wa'adin ya cika, gidan ya koma hannun mai ƙasa. Gidaje kusan miliyan 5 ne ke kan wannan tsari a Ingila.

Tushen abin tsoho ne. Bayan William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙasa duk ta zama ta sarki, shi kuma ya rarraba wa manyan mayaƙansa. Da Landan ta bunƙasa, iyalai irin na Grosvenor, masu unguwannin Mayfair da Belgravia, sun ƙi sayar da filayensu. Sai su ba magina haya ta shekara 99, su karɓi kuɗin ƙasa duk shekara, jikokinsu kuma su gaji ginin da wasu suka yi.

Kayan aro ba ya rufe katara. A tsakiyar ƙarni na 20, wa'adin gidajen ma'aikatan kwal a kudancin Wales ya fara ƙarewa, tsofaffi suka ga za a raba su da gidajen da suka girma a ciki. Kukansu na cikin abin da ya haifar da dokar 1967, wadda ta ba mazauna gida ikon sayen ƙasar ko da mai ita bai so ba. Magadan Grosvenor sun kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, suka sha kaye a 1986. A 1993 masu ɗakuna a gidajen bene suka sami damar ƙara shekara 90.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen sayarwa. Da zarar wa'adin da ya rage ya gaza shekara 80, kuɗin sabuntawa yakan yi tsalle, bankuna su fara ɗari-ɗari da ba mai saye rance. Ga kuma wasu kamfanonin gini da suka sa sharaɗin ninka kuɗin ƙasa duk shekara 10. A lissafa: fam 250 zai zama fam 8,000 cikin shekara 50. Wa zai sayi irin wannan gida? Masu shi suka maƙale, ba sayarwa, ba tashi.

Dokar 2022 ta mai da kuɗin ƙasa a sababbin yarjejeniyoyi ƙwayar masoro guda, wato ba ko sisi. Ta 2024 ta tanadi ƙarin shekara 990 da soke wancan tsallen farashi, sai dai ba duka sassanta ne suka fara aiki nan take ba. Wannan ya bar mai ɗan gajeren wa'adi cikin tsaka mai wuya: ya biya da tsada yanzu ya sayar, ko ya jira sauƙi alhali shekarunsa na raguwa.

Labarin bai yi mana nisa ba. Tun 1910 Turawan mulki suka ɗora ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar 1978 kuma ta shimfiɗa tsarin a duk Najeriya. Duk mai takardar mallaka ta gwamnati ya ɗauko ta ya duba: galibi shekara 99 aka rubuta, kuma tun ranar farko aka fara ƙirgawa.