Tarihin Injin Tatsar Nonon Uwa Da Dalilin Hayarsa

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Maigatari. Ya ce maiɗakinsa ta haifi bakwaini, yaron yana kwance a asibiti bai iya kama mama ba, sai ya ji wata ma'aikaciya tana cewa a ƙasashen Turawa har hayar injin tatsar nono ake yi. Shi ne yake so a ba shi tarihin wannan inji. Kuma wai wanda ba shi da halinsa, madarar gwangwani ce mafitarsa?

To Malam, Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya. Ga amsa.

A zamanin da, idan uwa ta rasu ko nono ya ƙi zuwa, wata matar ake nema ta shayar da jariri. Ka dai san Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW). Turawa ma haka suka yi shekaru aru-aru, masu kuɗinsu har ɗaukar mai shayarwa suke yi da lada. Amma bakwainin da ba shi da ƙarfin tsotso, ko an samo mai shayarwa ba ta da yadda za ta yi da shi. Dole sai an tatso an ba shi.

A shekarar 1854 wani Ba'amurke mai suna Needham ya yi rajistar wani ɗan famfon tatsa na hannu a hukumar ƙasarsu. A shekarun 1920 kuma wani injiniya, Edward Lasker, ya ƙera mai aiki da lantarki domin bakwainin da ke asibiti a birnin Shikago. Daga shekarun 1940 sai wani injiniyan ƙasar Suwidin, Einar Egnell, ya gyara shi ya zama yana ja yana saki kamar bakin jariri, ba ya ji wa uwa ciwo.

To me ya kawo haya? Ai waɗannan injuna na asibiti manya ne, ga tsada, kuma buƙatar uwa ta 'yan makonni ce ko watanni. Kamar dai manomin da ba zai sayi tarakta don gona ɗaya ba, sai ya yi hayarta. Asibitoci da kantunan magani su ba da injin, kowace mace kuma ta sayi nata mazurari da robar da nono ke taɓawa, don gudun cuta. Wani dalilin kuma, a Amurka dokar tarayya ta 1993 hutun mako 12 kawai ta ba mai jego, shi ma ba albashi. Mace ta koma aiki da ɗanyen jego, tilas ta tatsa ta bar wa mai raino.

Sai dai inji kaɗai bai isa ba. A tsakiyar shekarun 1950 bulumboti ya ci kasuwa a Amurka, har ya zama uwa ɗaya cikin biyar ce ke ba da mama. A 1956 wasu mata bakwai a kusa da Shikago suka kafa ƙungiyar La Leche, suna taruwa a gidajensu, wadda ta iya tana nuna wa wadda ba ta iya ba. Wato abin da kaka da ungozoma suke yi wa mai haihuwar fari a ɗakin jego, su sai da suka kafa masa ƙungiya bayan ya kuɓuce musu.

Mu a nan, madarar gwangwani ce ta yi mana ɓarna. Tun 1939 likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta yi jawabi a Singafo tana cewa tallar madarar nan kisan jarirai take jawowa. Dalili a fili yake: a dama ta da ruwan rijiya marar tsabta, a tsinka ta don gwangwani ya daɗe, sai gudawa da tamowa. Kafin a farga nonon uwa ya ƙafe, kuɗin madara ya ƙare. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idar hana tallarta ga iyaye mata. Ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990. A 1991 hukumar da UNICEF suka fito da shirin asibitoci masu ƙarfafa shayarwa, a 2001 kuma aka tsayar da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa.

Saboda haka Malam, inji taimako ne, amma maganin yana jikin maiɗakinka. Tatsa da hannu ba ta buƙatar lantarki ko sisin kwabo. Ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna mata. Ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa a kofin da aka tafasa, kamar sau 8 a dare da rana, domin yawan tatsa shi ke kawo ruwan nono. A rufe kofin, kada ya wuce awa 4 a ɗaki. Ma'aikata za su ba yaro da ƙaramin kofi, ko ta siririyar roba ta hanci, har ya yi ƙarfin kamawa. Dakashin farko kuwa kada a zubar, shi ne rigakafinsa na fari. Idan likita ya ga dole a ƙara da madara, shi zai faɗa, ba mai kanti ba.

Kai kuma naka aikin, kuɗin da za ka kai wa mai gwangwani ka sayo wake da gyaɗa da nama, ka samo wadda za ta ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, ka tsaya ta ci ta ƙoshi.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.