Kafin Na'urar Feda, Zuciya Ake Tambaya

Tarihin wannan mako na masu tseren keke ne. Sai a 1986 Bajamushe Ulrich Schoberer ya fara ƙera na'urar auna ƙarfin taka feda. Kafin nan, zuciya ake tambaya. Polar ya fito da agogon bugun zuciya marar waya a 1982. A Kanada kuma Eric Banister ya tsara lissafi: a ninka mintunan tuƙi da yadda bugun ya hau, a samu nauyin atisayen ranar.

Lissafin yana ci har gobe. Amma mai takawa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a watan Afrilu ya yi hattara: zafi da ƙishirwa kaɗai kan ɗaga bugun, sai a rubuta masa ladan wahalar da ƙafarsa ba ta sha ba.