Baƙo da Mazauni a Idon Doka: Tarihin Ƙa'idojin Hayar Ɗan Lokaci a Birnin Niyok, 1901-2023

Gabatarwa

Ranar 5 ga Satumba, 2023, hukumar birnin Niyok na ƙasar Amurka ta fara aiki da wata doka da ake kira Dokar Birni ta 18. Dokar ta ce duk wanda zai ba da hayar ɗaki ko gida na ƙasa da kwana 30, sai ya yi rajista ya karɓi lamba tukuna. Mutane da yawa sun ɗauki abin tamkar wani sabon hani ne da aka ƙago domin a karya kamfanin Airbnb, watau kamfanin nan da ke haɗa masu gidaje da 'yan yawon buɗe ido ta intanet. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa tushen hanin ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba. Tambayar da birnin ya shekara fiye da 100 yana fama da ita guda ce: a cikin ginin da aka yi domin zaman iyali, wane ne mazauni, wane ne kuma baƙo?

Daga Ɗan Masauki zuwa Shiyya

A ƙarshen ƙarni na 19 tsibirin Manhattan ya cika maƙil da 'yan ci-rani daga Turai. Talakawa sukan cunkushe a gidajen haya marasa iska, kuma iyali sukan karɓi wani baƙo mai biyan kuɗin kwana da abinci domin ya rage musu nauyin haya. Wannan shi za mu riƙa kira ɗan masauki. Hotunan da ɗan jarida Jacob Riis ya buga a 1890, na mutane jibge a ɗaki guda kowa ya biya kuɗin wurin kwanciyarsa, sun tayar da hankalin masu mulki. Sakamakon irin wannan kuka ne Jihar Niyok ta kafa dokar gidajen haya ta 1901, wadda ta wajabta taga ga kowane ɗaki, da makewayi, da hanyar tsira daga gobara. Abin lura a nan shi ne, tun farko ba a dubi baƙo a matsayin abokin gaba ba. Cunkoso da cuta da wuta ake tsoro.

A 1916 birnin ya kafa dokar kasa gari shiyya-shiyya, wadda ita ce cikakkiya ta farko a Amurka. Dalilanta ba su shafi masauki ba ko kaɗan. Attajiran kantunan Titi na Biyar ne suka gaji da masana'antun ɗinki da ke matso su, sa'an nan wani dogon bene mai suna Equitable, da aka gama a 1915, ya tare wa maƙwabtansa rana. Aka raba gari uku: shiyyar zama, da ta kasuwanci, da wadda ba a ƙayyade ba. Amma fa dokar ta bar gidajen 'yan masauki da manyan otal-otal masu ɗakin kwana 30 ko fiye su zauna a cikin shiyyar zama. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar ƙauyen Euclid na Jihar Ohio, ta tabbatar wa ƙananan hukumomi ikon yin irin wannan rabo. Sai a sabuwar dokar shiyya ta 1961 ne Niyok ta fitar da otal na masu wucewa daga shiyyar zama, ta mai da shi ta kasuwanci da ta masana'antu.

Dokar 1929 da Ƙofar da Ta Bari

Ainihin igiyar da ta ɗaure al'amarin ba dokar shiyya ba ce. Dokar jiha ce ta 1929 game da gine-gine masu ɗaukar iyali uku ko fiye. Ta kasa su aji biyu. Aji na farko shi ne na zaman dindindin, aji na biyu kuwa na masu wucewa, kamar otal da gidajen kwana. Hikimar rabon a fili take. Wanda ya shekara a gida ya san matakala ko da cikin duhu da hayaƙi, amma wanda ya sauka jiya da dare bai san gabas ba balle yamma. Saboda haka aka ɗora wa aji na biyu sharuɗɗan kariya daga gobara waɗanda suka fi tsanani, suka kuma fi tsada.

Sai dai masu tsara dokar sun saka wata 'yar magana a bayanin aji na farko, cewa gini ne da ake zama cikinsa dindindin bisa galibi. Shekara da shekaru ba wanda ya kula da ita sosai. Daga baya wasu masu gine-gine a yammacin Manhattan suka ga kwanan ɗan yawon buɗe ido ya fi hayar wata riba, suka shiga mai da ɗakunan talakawa na baƙi. Birnin ya kai ƙara. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, a shari'ar da aka sani da 330 Continental, ta ce muddin yawancin ɗakunan na mazauna ne, ba a karya doka ba don an bai wa baƙi ragowar. Watau mai gini na iya gudanar da ƙaramin otal a cikin gidan jama'a, doka tana kallo.

Wannan hukunci ne ya sa Majalisar Dokokin Jiha ta yi gyara a 2010. Gwamna David Paterson ya sa hannu, gyaran ya fara aiki ran 1 ga Mayu, 2011. Aka soke waccan magana, aka kuma fassara zaman dindindin da cewa mutum ɗaya ko iyali ɗaya su zauna kwana 30 a jere ko fiye. Baƙon da zai yi ƙasa da haka ba zai sauka da kuɗi ba sai mai masaukin yana gidan tare da shi. Ya kamata mu jaddada cewa ba Airbnb aka nufa ba. A lokacin kamfanin jariri ne. A 2007 ne samari biyu, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka shimfiɗa wa baƙi katifun iska a ɗakinsu na San Francisco, aka buɗe shafin a 2008. Tarkon da aka ɗana wa masu otal na ɓoye, shi ne ya zo ya kama wani nama dabam.

Doka a Takarda, Doka a Ƙofa

Daga 2011 zuwa 2023 hani yana nan, amma ba ya cizo. Ofishin Magajin Gari mai kula da aiwatar da irin waɗannan dokoki, wanda aka kafa a 2006, ba ya motsi galibi sai maƙwabci ya kai kuka. Sa'an nan shafin intanet ba ya nuna ainihin adireshi sai an biya. Sufeto zai bi ƙofa-ƙofa ke nan a birnin da ke da gidajen zama fiye da miliyan 3 da rabi.

A Oktoba 2014 Babban Lauyan Jiha, Eric Schneiderman, ya fitar da rahoto bisa bayanan da ya karɓo daga kamfanin. Rahoton ya nuna kashi 72 cikin 100 na wuraren da aka bayar a keɓe ga baƙi tsakanin 2010 da tsakiyar 2014 sun saɓa wa doka, kuma kashi 6 kacal cikin 100 na masu bayarwa sun kwashe kashi 37 na kuɗin. Mutum guda yana riƙe da wurare 272. Lalle wannan ya raunana hujjar cewa sana'ar ta talaka ce mai neman cikon haya, ko da yake bai kashe ta ɗungum ba, gama akwai irin wannan talakan da gaske. A 2016 jihar ta haramta tallar irin wannan haya, da tarar da ta kai dala 7,500. A 2018 Majalisar Birni ta nemi kamfanonin su riƙa miƙa sunaye da adireshi kowane wata, wani alƙalin tarayya ya dakatar da dokar a farkon 2019, aka sasanta a 2020.

A ganinmu, abin da ya bambanta Dokar Birni ta 18 da duk waɗannan shi ne ta juya nauyin. Majalisar Birni ta zartar da ita a Disamba 2021. Maimakon hukuma ta bi mai laifi bayan ya yi, sai aka hana kamfani karɓar kuɗin ciniki har sai ya tabbatar da lambar rajista. Mai nema zai biya dala 145, ya nuna cewa a nan yake zaune. Gidajen gwamnati da waɗanda doka ta ƙayyade kuɗin hayarsu ba sa samun lamba, kuma mai gini yana da ikon sa gininsa cikin jerin waɗanda aka hana. Tarar mai masauki tana iya kai dala 5,000. Airbnb ya kai ƙara a Yuni 2023, kotun jiha ta kori ƙarar a Agusta.

Sharuɗɗan samun lambar kuwa tsofaffi ne. Dole mai masauki ya kasance a gidan, baƙi kada su wuce 2, kuma a zauna tamkar gida ɗaya, ba a kulle wa baƙo wani sashe ba. Daga ina lamba 2 ta fito? Daga ma'anar iyali a dokar kula da gidaje ta birnin, wadda ta yarda iyali su riƙe 'yan masauki da ba su wuce 2 ba. Ashe ɗan yawon buɗe ido na 2023 ya shiga doka ne ta ƙofar da aka bar wa ɗan masaukin zamanin da.

Cikin 'yan watanni tallace-tallacen hayar ƙasa da kwana 30 suka faɗi daga sama da 20,000 zuwa ƙasa da 5,000. Ta fuskar aiwatarwa an ci nasara. Ta fuskar sauƙin haya kuwa, sai mu yi hattara. Binciken gidaje na birnin na 2023 ya sami kashi 1.4 kawai cikin 100 na gidajen haya ba kowa a ciki, abin da ba a gani ba tun 1968. Wurare 20,000, ko da duk sun koma hannun mazauna, ba su kai kashi 1 cikin 100 na gidajen birnin ba, kuma da yawansu ba su koma ba, sai masu su suka mai da su hayar kwana 30 zuwa sama, wadda ba ta bukatar lamba. Kuɗin haya bai sauko ba a 2024, kuɗin otal kuma ya hau, musamman da yake tun 2021 gina sabon otal ma sai da izini na musamman.

Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu ƙananan gidaje na iyali ɗaya ko biyu a Brooklyn da Queens. Dokar 1929 ba ta shafe su ba, tun da gidajensu ba su kai iyali uku ba, amma birnin ya ɗaure su da nasa dokokin gini. Mutumin da ke zaune a sama, ya saba bai wa baƙi sashen ƙasa yana biyan bashin gida da kuɗin, ya wayi gari ba zai sami lamba ba, domin a idon doka sashen ƙasa gida ne dabam wanda ba ya kwana a ciki. Irin waɗannan mutane suka haɗa kai suka kai kuka Majalisar Birni, kuma a ƙarshen 2024 aka gabatar da ƙudurin sassauta musu, wanda ƙungiyoyin 'yan haya da na ma'aikatan otal suka tashi tsaye a kansa.